Gawar Talabijin a Falon Levi

Levi mutumin Kagoro ne, aikin reluwe ya zaunar da shi Kafanchan har ya yi ritaya. Abin da ya tsira da shi daga aikin nan bai wuce ciwon baya da talabijin guda ba, irin mai ƙafa huɗu da ƙofar katako. Duk layinsu shi ya fara sayen ta, kuma ko ina kwana ka ce masa sai ya san yadda ya jawo ta cikin amsa.

A shekarar tamanin da bakwai wuta ta zo da hauka, talabijin ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta mutu murus. Mai hankali da sai ya rabu da ita. Levi kuwa ya sa matarsa Catherine ta saƙa mata mayafi, ya ɗora furen roba a kai. In baƙo ya zo sai ya ce, "Kash, wutar yau ba ƙarfi." Ga kuwa ƙwan lantarki yana haska masa sanƙo tar.

Akwai wani Mijinyawa mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Sana'arsa ya bi gidaje ya karɓi matattun rediyo da kaset, ya feɗe su, ya ciro abin da ke da sauran rai ya dasa wa wani. Ya zo ya yi sallama.

"Baba Levi, wannan fa ta riga mu gidan gaskiya. Ba ni ita in ciri kayan ciki, na wasu su tashi."

"Malam, wa ya gaya maka ya mutu? Hutawa yake yi."

"Hutun da har gizo-gizo ya yi ɗaki?"

"Sa takalminka."

A lokacin an baza zance a gari cewa tsofaffin talabijin akwai jar zaiba a cikinsu, wai cokali guda ya isa mutum ya gina bene. Levi ya haɗiye zancen nan ko tauna babu. Ya ce ai shi ya sa Mijinyawa ke zarya. Daga nan ko ƙura ba a yarda a kaɗe ba sai yana tsaye.

Kallo kuwa bai fasa ba. Kullum da yamma yana gidan maƙwabcinsa Silvanus, wanda tasa talabijin ta taɓa lalacewa aka gyara. Ya kame kujera mai kyau, ya sha kunun mutane, yana taɓe baki yana cewa, "Hoton nan bai kama ƙafar nawa ba." Haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

Can cikin shekarun casa'in wani baƙo mai jaka ya sauka a tasha yana cigiyar tsofaffin akwatunan talabijin. Levi ya aika aka kira shi, ya kuma tara maƙwabta, don arzikin da ba a yi a gaban mutane ba a wurinsa ba arziki ba ne. Har da su Silvanus. Ya yaye mayafi da hannu biyu. Baƙo ya kwance bayan akwati, ya leƙa, ya yi atishawa. Busasshiyar citta ce ta zubo har kan takalminsa. Babu waya, babu komai, sai gilashin gaba.

Levi ya ƙwala kira, "Catherine!"

Ta fito daga madafa tana goge hannu a zane.

"Baban Joanna, a hankali da cittata. Duk gidan nan wurin kaɗai ne ba mai taɓawa."

"Ina kayan ciki?"

"Tun tafiyarka jana'iza Zonkwa na ba Malam Mijinyawa, ya tayar mini da rediyona. Sauran ya sa a na Silvanus. Ba kullum kana can kana zagin hoton ba? Kayanka ne kake zagi."

Silvanus ya sunkuyar da kai, yana danne dariya. Baƙo ya karkaɗe wando, ya tambaya ko cittar ta sayarwa ce.

Ko a nan Levi bai saki fankon akwatin ba, ya ce katakon na waje ne. Amma sunan da ya yi ta gadi ya tafi. Da ana ce masa Levi mai talabijin, tun ranar ya koma Levi mai citta. Har a coci, ranar da aka karanta sunayen dattawa, mai sanarwa ya faɗe shi haka, bai ma san ya yi laifi ba.