Ummi Malam Goma Sha Bakwai

Duk wanda ya zauna a unguwar Limawa ya san Malama Hadiyya, in bai san fuskarta ba ya san muryarta. 'Yar malamin allo ce, ta tashi a gidan da kowa ke ɗaga murya, don haka har ta tsufa ba ta iya raɗa ba. Shekara talatin ta yi tana awon yara a asibitin karkara. Da ta yi ritaya, maimakon ta zauna ta ja carbi kamar sa'o'inta, sai ta shiga wata ƙaramar ƙungiya a Dutse mai raba garin kunu ga yara masu tamowa. Gero ne da waken suya da gyaɗa, ba wani abin a zo a gani ba, amma ya tayar da yara da yawa da aka fara cire rai da su.

Kowace Laraba takan je ƙauyuka huɗu a bayan Aujara, da ma'auninta da wani tsohon littafi mai baƙin bango. A ciki take rubuta yaranta yadda ta san su: Ummi ta gidan rini, Ummi mai tabo a goshi, Ummi jikar mai ƙosai. Ba ta taɓa ba wata rabon wata ba.

Sai ga zamani ya iso. Masu ba da tallafin, waɗanda ke can ƙasar waje, suka aiko da babbar waya suka ce daga yau a ciki za a riƙa sa kowane yaro, su ma su gani daga inda suke. Ba a ga laifinsu ba. An sha cinye musu kaya da sunayen bogi a wasu wurare, kuma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya tsorata. Choji, ɗan asalin Filato mai kula da kwamfutar ofis, shi ya zauna ya koya mata. Gurbi uku ne kawai: sunan yaro, sunan uba, ranar haihuwa.

To, a nan aka samu matsala. Wace uwa ce a ƙauyen nan za ta buɗe baki ta faɗi sunan 'yar da aka sa wa sunan surukarta? Sai dai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ummi." A tambaye ta sunan uban, wato mijinta, ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Malam." A tambayi ranar haihuwa, ta ce lokacin cirar gyaɗa ne, bayan ƙaramar salla. Wayar kuwa ba ta san cirar gyaɗa ba. In aka sa mata shekara kawai, da kanta take cike sauran da ɗaya ga Janairu. Layi ya yi tsawo, yara na kuka, rana na dukan iyaye. Malama Hadiyya ta rubuta abin da aka gaya mata, don a wurinta sunan yaro shi ne wanda in an kira zai waiwayo.

Bayan wata biyu Choji ya tare ta a bakin ofis, fuska ba walwala.

"Mama, an dakatar da mu. Na'urarsu ta gano Ummi Malam goma sha bakwai, duk haihuwar rana ɗaya. Sun ce yarinya ɗaya ce muka maimaita."

"Yarinya ɗaya? Ni Hadiyya? Wace yarinya ce za ta shanye kunun mutum goma sha bakwai ta kuma ci gaba da ramewa?"

"Na gaya musu, Mama. Sun ce sai kwamiti ya zauna."

"Kai ma da ka girma a garin nan, ka taɓa jin mace ta kira sunan mijinta a bainar jama'a?"

"Ni na sani. Na'urar ce ba ta sani ba."

"To a koya mata kunya mana!"

Ranar nan har masu shagunan tsallaken titi sun ji labari. Abin da ya fi ƙona mata rai, buhunan gari na nan jibge a ɗakin ajiya, tana wuce su safe da yamma, amma an ce ko cokali kada a taɓa. Ta kawo littafinta mai baƙin bango a ɗauki hotonsa a tura, aka ce rubutun hannu ba hujja ba ne. Ta ce a kira su ta yi musu bayani da bakinta, aka ce sai an cike fom na neman ganawa. Choji ya cike, fom ɗin ya dawo wai an tsallake layi ɗaya. Laraba biyar ta wuce. Malama Hadiyya ta soya ɗan geron gidanta ta aika, amma me kwano uku zai yi wa ƙauye huɗu?

A Laraba ta shida aka amince da ganawa ta bidiyo. Malama Hadiyya ta ce gani ya kori ji, ta aika kowane ƙauye a kawo mata duk wata Ummi. Aka taru a gindin wata tsamiya, inda nan ne kaɗai waya ke kamawa. Choji ya ɗaga wayar sama, fuskar wata mata mai tabarau daga cikin masu tallafin ta bayyana. Malama Hadiyya ta shiga jero su da ƙarfi, tana juya kowace yarinya a ga fuskarta. Ga ta gidan rini. Ga mai tabo a goshi. Ga mai kukan tsiya, wadda ta tabbatar da sunanta nan take.

Matar ta dafe ƙirji, ta yi ta ba da haƙuri, Choji na fassarawa. Ta ce gobe-goben nan a buɗe ɗakin ajiya. Sannan ta duba takardarta ta yi wata tambaya cikin ladabi.

Choji ya juya ga Malama Hadiyya. "Mama, ta ce ta ƙirga goma sha shida. Ina ɗayar?"

A ƙarshen layi wata matashiyar uwa na tsaye, majanyi a hannu, bayanta ba goyo. An ce a kawo Ummi, ita kuma ba ta iya ƙin zuwa ba. Surukarta, tsohuwa mai ƙosai, na riƙe da kafaɗarta. Malama Hadiyya ta dube su, ta gane. Muryarta nan da ake ji daga tsallaken titi ta koma raɗa.

"Yaushe, Iya?"

"Yau kwana tara," in ji tsohuwar. "Allah ya karɓi abarsa."

Da ƙyar Malama Hadiyya ta ce wa Choji, "Gaya mata, da sun kira ranar da na roƙa, da ta ƙirga goma sha bakwai. Kada ka rage ko kalma ɗaya." Ya faɗa. Matar ta cire tabaraunta.

Malama Hadiyya ta juya ga tsohuwar. "Iya, mene ne sunanta na yanka?"

Uwar ta sunkuyar da kai, har yanzu ba za ta faɗa ba. Tsohuwar ta ce, "Safina. Sunana ne. Ubanta Hussaini."

"Choji, goge wancan, ka rubuta wannan."

Ya rubuta. Wayar ta yi ɗan ƙara, ta nuna koriyar alama, ta karɓi sunan ba gardama.