Birkin da Yaya Sabo bai iya gyarawa ba

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Yaya Sabo makwancinsa, mutumin da kan tashi da malmala biyar ya ce wai ɗanɗanon gishiri ya yi. Duk direban da ke bin Mando zuwa Rigachikun ya san shi, don gyaran birki ne sana'arsa. Da kunne yake aiki. Mota na gangarowa zai ce, "Wannan saura kwana uku ta kai mai ita lahira."

Da nama ya fara tsaya masa a ƙirji, ni na fi kowa yi masa tsiya, na ce alhakin rowa ne. Daga nama aka koma tuwo, daga tuwo sai kunu, har ruwa ma sai da lallashi. Likita ya ce kansa ce a bututun abinci. Yaya ya ce, "Kan wa? Ni maƙogwaro na kawo maka."

Bawan Allah ya zauna ya yi mana bayani. Wai kowace ƙwayar jiki da rubutun halittarta take yawo, wani sashe na ce mata hayayyafa, wani na ce mata tsaya. A na Yaya mai cewa tsaya ɗin ne ya lalace, sai suka yi ta ninkuwa har suka toshe hanya.

"Birki ya tsinke ke nan," in ji Yaya. "Ina ake sayar da sabo?"

Likita ya sunkuyar da kai.

Daga baya na tambaya ko gado ne. Ya ce yawanci a jikin mutum ɓarnar ke faruwa, ba daga iyaye ba, amma ba zai rantse mini ba. Yaya ya yi dariya. "Haba ƙanena, Baba ko keke bai bar mana ba, sai wannan?" Sai dai mu biyun mun tuna yadda Baba ya ƙare kwanakinsa da koko a cokali. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Yanzu ina ji wai masana na karanta rubutun nan, har suna gane inda ya goge. Da Yaya na nan cewa zai yi, "Gane matsala ai ko fasinja ya iya. Ina mai gyara?"

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. To wutar da ke cikin rubutunka, ina za ka shafa ruwan?

Garejinsa ya zama shagon cajin waya. Abin da ya rage mini nasa kunnen nan ne. Kowace loma na haɗiya sai na saurare ta har ta sauka. Ran Talata wata ta tsaya a hanya. Maiɗakina ta kalle ni, na ce tuwonta ne ya yi tauri kamar bulo. Ba ta yi dariya ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ka koya mini jin ƙarar, ba ka koya mini tsayar da motar ba.