Zoben Baba Bandeji

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wanke miki a ɗan asibitin unguwa, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Baba Bandeji. Ɗakinsa ne na ƙarshe, bayan wurin yankar kati. Gado ɗaya ne a ciki, da famfo a kusurwa, da tukunyar dafa almakashi, sai kwandon zuba auduga mai jini. Bai yi boko mai nisa ba, amma wajen wanke hannu ko likita bai kama ƙafarsa ba. Sai ya wanke tafi, ya wanke baya, ya bi tsakanin yatsu, sannan ya rufe famfo da gwiwar hannu.

A ƙaramin yatsansa na hagu akwai siririn zoben azurfa. Na matarsa ne. Ranar da ta rasu babbar 'yarsu ta zare shi ta miƙa masa, shi kuma ya sa. Shekara tara bai cire ba, har gaɓa ta yi kauri ta tare masa hanya.

Akwai wani kafinta da ƙusa ta yage wa ƙwauri. Mako uku yana zuwa wanki, mikin ya ƙi haɗewa, kullum sai mugunya.

"Baba, ko dai ka saba da hirata ne, ba ka son in warke?" in ji shi.

"Wace hira gare ka ban da ta katako? Miƙe ƙafa."

Baba ya yi dariya, amma abin yana cin ransa. Bayan kafinta, ga wata tsohuwa ita ma ɗinkinta ya yi ruwa.

Sabuwar Sista, wadda ba ta wuce sa'ar autarsa ba, ta kwana biyu tana tsayawa a bayansa in yana aiki. Rannan da ya tuɓe safar hannu, sai ta ɗauke ta daga bakin kwando, ta tara a famfo. Ruwa ya tsiyayo ta wata 'yar huda, daidai inda zoben yake zama.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa," ta ce, kanta a ƙasa. "Bakin zoben ya yi kaifi, yana huda safar. Kuma sabulu ba ya shiga ƙarƙashinsa. Ba zan rantse shi ne ba, amma ƙwayar cuta irin wurin nan take so. Likita ya ce ko a cire, ko ka koma wurin kati."

Da ta fita, ya matsa bakin taga, ya tura zoben da farce iya inda zai matsa. Fatar wurin ta yi fari, ta jiƙe, ga baƙin datti a manne. Ya daɗe yana kallo. Shi da yake korar mutane su koma famfo, ashe wuri ɗaya a hannunsa ya shekara tara bai wanku ba.

Ya shafa sabulu, ya ja, ya murɗa. Zobe ya tsaya a gaɓa.

A haka Iya mai shara ta same shi. Tare suka tsufa a asibitin, ta kuma san matar tasa, don marigayiyar ce take yi mata ɗinkin kaya.

"Ka je wajen maƙeri ya yanke mana," in ji ta.

"Yankan ne ba na so, Iya."

Ta jingine tsintsiya, ta wanke hannu tas, ta ce ya kawo zare. Ta zura bakinsa ƙarƙashin zoben, ta naɗe yatsan tam har saman gaɓa, sannan ta shiga warwarewa a hankali. Zoben yana tafiya kaɗan kaɗan. Baba ya cije leɓe.

"Kai da kake ce wa mutane su daure! Da mai zoben tana nan, da tuni ta fizge kayanta. Matar da ba ta barin ka taɓa tulunta sai ka wanke hannu?"

"Haka take," ya ce.

Zoben ya faɗo tafin Iya. Ta wanke shi da burushi, ta goge, ta zura masa igiya mai ƙwari, ta ƙulla.

"Sa a wuya, cikin riga. Can ma ya fi kusa."

Washegari kafinta ya hau gado, ya ƙura wa hannun ido.

"Baba, ina zobe? Ko ɓarayi sun yi maka aiki?"

"Yana nan. Miƙe ƙafa."

Ya tsaya a famfo fiye da kullum, yana cuɗa farin zagayen da zoben ya bari. Sista ta miƙa masa sabuwar safa, ya karɓa, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Kwana goma bayan haka ya buɗe bandejin kafinta, ya ga auduga a bushe, nama ja ya taso daga gefe. Ya kira Sista ta gani. Sai da ya gama ɗauri, ya tuɓe safa, ya wanke hannu, sannan ya dafa ƙirjinsa ta saman riga.