Ranar da Lariba Ta Ƙi Sauka a Nima

Malama Zuera ba ta taɓa ɓoye cewa a unguwar Nima aka yanke mata cibi ba. Kakanta tsohon sojan Turawa ne da ya yada zango a bakin babbar kwatar nan, ita kuma ta tashi da kaifin baki da son littafi. Ta tsufa tana koyar da adabi a wata ƙaramar makaranta a Maamobi, har ɗalibanta na farko sun fara kawo mata 'ya'yansu.

Abu guda ke ci mata tuwo a ƙwarya. Yaran Zango, wato 'yan Nima da kewayenta, in sun je neman aiki, aka tambaye su unguwa, sai su ce Kokomlemle ko Kotobabi, don an san mai cewa Nima sai a dube shi kamar ɓarawo. Wannan ne ya sa ta bi malaman makarantu da naci har suka yarda: ɗalibai su riƙa karanta labari iri ɗaya, ƙarshen zangon karatu a haɗu a tattauna wa aka zalunta a ciki. Burinta bai wuce ta ga ɗan Nima ya tsaya gaban 'ya'yan manya ya faɗi sunan unguwarsa kai a sama ba.

Taron ƙarshe kafin ta yi ritaya, a wata makarantar masu hali aka yi, can wajen Cantonments. A wannan karon ɗalibai ne suka rubuta nasu labaran. Zuera ta sa rai a kan Lariba, 'yar mai koko, yarinyar da ta fi kowa kai a ajinta. Lariba ta karanta labarin wani saurayi da ya ci jarrabawar aiki, amma da ya ambaci Nima sai aka ce ya je za a neme shi. Yayan Lariba ne, Zuera ta sani. Tana gamawa aka ɓarke da tafi. Malamar da ba a taɓa ganin hawayenta ba sai ga ta tana laluben bakin mayafi.

Wani malamin makarantar ya miƙe yana murmushi, ya dubi Lariba. "Kin san mutanen nan sosai. A ina kike zaune?"

"Kokomlemle, sa," in ji Lariba, ko gezau.

Da aka tashi, Zuera ta ja ta gefe.

"Ke Lariba, yaushe kuka ƙaura ban sani ba?"

"Madam, ki yi haƙuri. Ai na gane labarin ne. Wanda ya faɗi gaskiya a ciki, shi ya koma gida hannu rabbana. Mma, uwata, ta ce in yi hankali, mutanen nan su za su ɗauke ni aiki gobe."

Zuera ta saba gyara wa yara kuskuren fahimta, amma wannan yarinya ba ta yi kuskure ba. Ta fahimci darasin fiye da yadda aka so.

Suka hau tiroto, motar haya mai zuwa Circle. Wata ɗalibar makarantar masu halin ta shigo ta zauna kusa da Lariba, tana ta yaba mata labarin. Motar ta wuce Maamobi, yaron mota ya leƙa yana kira, "Nima! Nima, akwai?"

Zuera ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta na ciwo, ta waiwaya. Lariba ta kafe ido a taga kamar ba ta taɓa ganin kasuwar nan ba, alhali ga teburin kokon uwarta can a tsallaken titi.

"Mutum ɗaya ne," Zuera ta ce wa yaron mota, ta sauka.