Takobin Kakan Bature

Ko yaƙin da ya tarwatsa mu daga Khartum bai goge mini ranar da na kai wani Bature gidan Baffana a Umdurman ba, kuma ba na jin akwai abin da zai goge ta.

Lokacin ina tuƙa taksi, ina da ɗan Turancin da na tsira da shi daga jami'ar da ban gama ba. A ƙofar wani otal na ɗauke shi. Dattijo ne daga Sukotland, ja jawur, ɗan sarauta, tsohon soja, kuma ɗan majalisa. Duk wannan kafin mu kai gadar Umdurman ya zayyana mini, ba tare da na tambaya ba. Ya rungume wani dogon akwati kamar mai jego.

Littafi yake rubutawa a kan rayuwar kakan babansa, wanda shi ma basarake ne, soja, daga baya ɗan siyasa. Wai a yaƙin Karari, inda Turawa suka murƙushe rundunar Mahadiyya, kakan ya yi gaba da gaba da wani amirin Mahadiyya, ya kayar da shi, ya ƙwace takobinsa. Da takobin nan ya riƙa hawa mumbari yana neman ƙuri'a har ya tsufa. Yanzu jikan ya zo mayar da shi ga zuriyar mayaƙan, a ɗauki hoto, a rufe littafin da shi.

Nan bakina ya ja mini. Na ce ai ya faɗo hannun da ya dace, kakan babana ma yana Karari, ya yi ta sara har hannunsa ya manne da ƙota. Ban ƙirƙira ba, haka na ji a bakin 'yan uwa tun ina yaro, sai dai na ƙara gishiri. Na ce Baffana maƙeri, yayan mahaifina, shi ne ke riƙe da tarihin gidanmu.

Washegari da hantsi Baturen ya fito cikin kayan gargajiyarsu, wani zane mai gidan dara wanda ya tsaya a gwiwa, ga mai hoto yana biye. Matan unguwarmu suka leƙo ta katanga. Na ji wata tana cewa, "Miskin, zanen ma bai ishe shi ba."

Baffa yana zaune a rumfa yana shan jabana, gahawarmu ta Sudan. Bature ya miƙe tsaye ya yi jawabi mai tsawo a kan jarumta da yafiya, ni kuma ina fassarawa ina hura hanci. Sannan ya buɗe akwatin, ya miƙa takobin da hannu biyu.

Baffa ya zare shi, ya shafa bakinsa da babban yatsa, ya juya shi ya duba gindin ƙota. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kuka yake, shi ma Bature har ya fito da hankici. Ashe dariya ce.

"Ya waladi, ɗana, zo ka gani," in ji Baffa. "Ɗigo uku da ƙafar kaza. Tambarin gidanmu ne. Kakana ya ƙera wannan."

Na fassara da sauri, Bature ya dafe ƙirji don murna. Amma Baffa bai gama ba.

"Wannan bai taɓa zuwa yaƙi ba. Takobin yaƙi ba a yi masa ado, kuma yana da kaifi. Wannan ko albasa ba zai yanka ba. Bayan an gama yaƙi hafsoshin Turawa kowa yana son abin da zai kai gida, sai kakana ya riƙa ƙera musu. A cika shi da zane-zane, a shafa jinin tunkiya, a binne shi kwana bakwai, khalas, ya zama na amiri."

Bature ya dube ni. "Me ya ce?"

Wallahi sai na fara kame-kame cewa Baffa yana yaba ingancin ƙarfen. Baffa ba ya jin Turanci, amma ya san fuskar maƙaryaci, musamman na gidansa. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya jawo wasu biyu daga ƙarƙashin gado, iri ɗaya sak, har da tsatsar, ya jera su a kan tabarma. Ba a ƙara buƙatar tafinta ba.

Jan fuskar Bature ya koma fari. Can ya ce, cikin ƙaramar murya, in tambaya ko maƙerin dai ya je Karari, kamar yadda na faɗa masa. Dole na tambaya.

Baffa ya kalle ni sama da ƙasa. "Kai ka ce masa haka? Ranar yaƙi kakana yana cikin rijiyar bayan gida, sai la'asar aka jawo shi. Waɗanda suka je Karari, ya waladi, ba su dawo sun haifi jikoki masu tuƙa taksi ba."

Wannan karon na fassara duka, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Amma ɗan siyasa ɗan siyasa ne. Ya gyara zanensa, ya ce duk da haka a ɗauki hoton miƙa takobi, tunda an riga an zo. Baffa ya mayar da shi cikin kube, ya ɗora masa a cinya.

"Ka ce masa abin da aka saya a gidanmu ba a mayarwa. Abin da kakanninsa suka ɗauka a Karari kuwa ba takobi ba ne, kuma ba ya shiga akwati."

Haka muka haye gada muka koma otal, jikokin jarumai biyu a mota ɗaya. Ban san abin da ya rubuta a littafinsa ba, ko da yake ina da zato. Ni dai tun ranar na koyi cewa kafin in yi tutiya da kakan da ban gani ba, sai na fara tambayar tsohon da zai iya ƙaryata ni a gaban baƙo.