Ba Zan Cire wa Kwamanda Bokitin Nan Ba

Da safen nan na kira lambar Baba Sabi'u, sai na ji muryar mace. 'Yarsa ce. Ta ce Baba ya rasu jiya bayan azahar, har an kai shi makwancinsa kafin magariba.

Na zauna a bencin shago da waya a hannu, ko gaisuwar kirki na kasa yi mata.

Albishir fa na kira in yi masa. In ce masa ciwon Kwamanda ya fara bushewa.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Sabi'u tsohon ma'aikacin asibitin dabbobi ne, mutumin Dilimi, unguwar Musulmi a nan Jos. Mu nan Anguwan Rukuba, inda yawancinmu Kirista ne, Baba Dokta muke ce masa, shi kuma kullum sai ya gyara mana, wai shi mai riƙe wa dokta akuya ne kawai. Kwamanda kuwa karena ne. Tun rasuwar maigidana shi ke gadin gidan da shagon ɗinkina, saboda shi ni da 'yata Nanret muke barci hankali kwance.

Kwanakin baya tsohon kwanon rufi ya yanke shi a cinya. Maƙwabcina Oga Pam ya leƙo ya ce, "Maman Nanret, bar shi kawai. Miyaun kare magani ne, zai lashe abinshi." Haka duk muka taso muna ji, ni ma na yarda. Kwana huɗu yana lasa safe da yamma. Ciwon da bai kai tsawon yatsana ba ya buɗe, ya yi jawur, ƙudaje suka samu wurin zama.

Sai Oga Pam ya canza magana. Wai in ba wa masu farfesun kare shi tun yana da nama a jiki, in samo wani. Na ce masa ya tsallake ƙofata tun ina ganin girmansa.

Ranar na kira Baba Dokta. Ya zo a keke da tsohuwar jakarsa. Ya cire babbar rigarsa ya rataye a ƙusar shagona, ya sa rigar aiki, ya durƙusa a ƙasa yana yi wa kare magana kamar jikansa. Ya wanke ciwon, ya ɗinke, ya yi allura. Sannan ya ce, "Maman Nanret, kina da bokitin roba?"

Na kawo masa bokitin da nake jiƙa wanki. Ya ɗora wuƙa a kan risho, da ta yi zafi ya yanke gindin bokitin, ya huda ramuka a gefe. Ya sa na kawo ƙyallayen ɗinki muka naɗe bakin don kar ya goge masa wuya. Ya zura kan Kwamanda ciki, ya ɗaure da igiyar wuyansa.

Ya ce, "Sati biyu. Zai yi kuka, zai ƙi abinci, zai dube ki kamar kin ci amanarsa. Kar ki cire. Harshen nan nasa shi ne ciwon."

Unguwa ta samu abin dariya. Kare yana tafiya yana karo da ƙofa, wasu na cewa Kwamanda ya sa dish zai kamo tashar ƙwallo. Har daga wani layin ake zuwa kallo.

Zan faɗi laifina, don ba na son a yabe ni a kan abin da ban yi ba. A kwana na uku na cire. Ya tsaya a gaban kwanon tuwonsa ya kasa kaiwa, yana wani kuka ƙasa-ƙasa, tausayi ya kama ni. Na ce bari ya ci ya huta. Kafin in gama ɗinka hannun riga ɗaya ya tsinke zare biyu, jini na bin ƙafarsa.

Na sake kiran Baba cikin kunya. Na zaci zai yi faɗa. Ya zo, ya duba, ya sake ɗinkewa. Sai ya ɗauko bulo ya ɗora kwanon abincin a kai, ya nuna min yadda bakin karen zai kai ba tare da an cire komai ba. Abin da ya kamata in tambaya ke nan tun farko.

Yana wanke hannu na tambaye shi ko mutanen unguwarsu ba sa magana, dattijo da furfura yana taɓa kare. Ya yi dariya ya ce, "Suna yi mana. Wanda ya halicce ni shi ya halicce shi. Ruwa da ƙasa kuma ba su ƙare a Jos ba, in na wanke sai in yi sallata."

Ya mayar da babbar rigarsa, ya ce ranar Asabar ta sama zai zo ya cire zaren da hannunsa. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubutun nan raina a ɓace. Labarin bai yi awa biyu da shigowa unguwa ba, an riga an zo an ce min, "To ai mai bokiti ya tafi, sai ki sauke wa karen nan wahala." Wani ma cewa ya yi da ma wa ya ce in kira ɗan Dilimi cikin gidana.

Ku ji ni da kyau. Ɗan Dilimin nan ya tsallako ya durƙusa a tsakar gidana lokacin da ku kuke lissafin naman karena. Na saɓa maganarsa sau ɗaya yana raye, na ga abin da ya faru. Ba zan saɓa ta yana kabari ba. Saura kwana huɗu, kuma bokitin nan yana wuyan Kwamanda har su cika, ko da kukansa zai hana layin nan sakat.

Gobe zan shiga Dilimi in yi wa iyalinsa gaisuwa. Masu ce min in yi hankali, na ji, na gode, zan je.

Allah ya jiƙan Baba Sabi'u, ya gafarta masa, ya tausaya masa yadda ya tausaya wa dabbar da ba ta da bakin godiya. Allah ya ba 'ya'yansa haƙuri.

Musulmi da Kirista, duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a. Ranar Asabar zan kai Kwamanda asibitin dabbobi a cire zaren. In kun ga mace a keke mai ƙafa uku rungume da kare mai bokiti a wuya, ni ce. Ku yi dariyarku, ban hana ba. Amma in kun gama, ku ce Allah ya jiƙan wanda ya ɗaura shi.