Ranar da Kaka Ta Je Roƙon Diga

Gidanmu yana can ƙarshen garin Tawa, wajen hanyar Bambeye. Mu Kirista ne, kuma a waɗannan shekaru na bayan tafiyar Nasara gidaje irin namu ba su da yawa a garin. Kakata Dije, mahaifiyar Baba, ita ta kawo addinin gidanmu. Kuturta ta kama ta tana da ƙuruciya, aka kai ta asibitin ƴan mishan can kudu, ta yi shekara bakwai. Ta dawo ta warke, amma babu yatsu, sai dungu biyu, ga kuma sunan Yesu a bakinta. Ƙauyensu ba su karɓe ta ba. Baba, wanda magini ne, ya ɗauko ta ya kawo ta birni, daga baya shi ma ya bi abin da take bi.

Baba mutum ne mai zuciya. Wata rana a bakin rijiyar unguwa matar maƙwabcinmu Malam Sahabi ta hana Kaka taɓa guganta, ta zubar da ruwan da ke ciki a gaban mata. Kaka ta dawo gida ba ta ce komai ba, ni ce na faɗa. Baba ya je ya tsaya ƙofar zauren Malam Sahabi ya rantse cewa ko wuta ta kama gidanmu ba zai nemi ɗigon ruwa a hannunsu ba. Shekara uku katanga ɗaya ta raba mu, ko gaisuwa babu.

Da sanyi ya shigo, bayan an ci tuwo, Kaka kan sa a hura mata wutar kara a kasko a ƙofar ɗakinta. Ba ta jin zafi a hannu, don haka ni nake lura kada ta kai dungunta kusa da garwashi. Ni da ƙanena Iliya mukan shige cikin zanenta ɗaya, ina da shekara tara, shi biyar. Sai ta gyara murya ta ce, “Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri.” Mu kuma mu ce, “Ta iso ta zamna.”

Tana yi mana tatsuniyoyin Gizo da na kura kamar kowace kaka. Amma akwai guda da ba ta da dariya ko kaɗan, ta Gado mahaƙin rijiya, kuma ita na fi riƙewa.

Gado, in ji ta, babu mahaƙi kamarsa a duk ƙasar Adar. Inda wasu suka tarar da dutse suka gudu, shi nan yake farawa. Yakan bugi ƙirji ya ce babu ramin da ya shiga da wani ya fito da shi. Idan ya gama rijiya, shi ke faɗin wanda zai sha da wanda ba zai sha ba. Akwai wata tsohuwa mai tsintar kashin shanu da ya sha kora daga bakin rijiyoyinsa, wai tana wari.

Wata shekara ruwa ya ƙi, wani ƙauye suka kira shi. Ya haƙa gaba ashirin, ya haƙa talatin, babu ko danshi. Ran nan gefen ramin ya zube masa, ƙasa ta rufe shi har ƙugu. Ya tone kansa da ƙyar. Mutane suka zura masa igiya suka ce ya ɗaura su ja shi. Ya ce shi ba guga ba ne, da hannunsa zai hau. Ya hau har ya fara ganin fuskokinsu, hannu ya saɓule, ya faɗo. Ya sake hawa, ya sake faɗowa, ƙafa ta karye. Kwana biyu yana ƙasa, tafin hannunsa duk ya saɓe, yana zagin masu leƙo shi. Mutane suka gaji, suka watse ɗaya ɗaya.

A nan Kaka kan rage murya. “Sai wa ta rage? Tsohuwar nan da shika kora. Ta leƙa tac ce mai, Gado, hannunka sun ƙare. Ɗaura igiyar ga ƙugu, ka saki. Yac ce, in na saki mi za ya riƙe ni? Tac ce, ba kai za ka riƙe ba, kai za a riƙe.”

Ya yi kuka, ya ɗaura. Tsohuwa ta bi gida gida tana roƙon mutane su dawo. Suka jawo shi yana lilo, yana bugun gefen rami, yara na kallo. Bai ƙara tafiya da ƙafarsa ba. Ya ƙare kwanakinsa a zaune gindin bango, yana tufka wa mutane igiya.

Iliya ya taɓa tambaya, “Kaka, an samu ruwan?”

“Ba a samu ba.”

“To shi mi ya samu?”

“An hiddo shi,” in ji ta. “Ta ƙare nan, ku tashi ku kwanta.”

A ƙarshen sanyin nan ƙyanda ta shigo unguwa. Ta ɗauki yara gida bayan gida, ta iso namu. Ni na tashi, Iliya bai tashi ba. Kwana tara yana fama, idanunsa a manne, numfashinsa kamar ana jan zarto. Kaka ta zauna kansa tana addu’a, kuma na ji abin da take faɗa. Ba ta yi wa Allah ciniki ba. Ta ce tana so a bar mata yaron, ta faɗa sau da yawa, sannan ta ce in an ɗauke shi a ba ta ƙarfin da za ta tashi da safe. Da hantsin rana ta goma ya cika.

Wurin da aka ba Kirista su riƙa binne nasu wani fako ne bayan gari, marmara zalla. Sauran mazan da muke sujada tare sun tafi cin rani, mai yi mana wa’azi kuma yana can kudu. Baba ya ɗauki dagi ya tafi shi kaɗai. Inna, mahaifiyarmu, ta ce ya kira mutane, ya ce ba zai kira kowa ba. Da azahar aka aike ni da ruwa. Na same shi a durƙushe, ramin bai kai gwiwa ba, bakin dagin ya lanƙwashe, hannunsa jini har gwiwar hannu. Bai sha ruwan ba. Ya ce in koma.

Na gaya wa Kaka. Ta ce in yafa mata zane. Na bi ta a baya har ƙofar zauren Malam Sahabi. Yana zaune da baƙi. Ta durƙusa a ƙasa daga waje, inda ake ajiye takalma, ta miƙa dungunta biyu.

“Malam, jikana ya rasu. Ɗana na can shina haƙa shi ɗai, ƙasa ta hi ƙarhinai. Ni ban da hannu. Na zo roƙon diga, da wanda za ya riƙa ta.”

Ɗaya daga cikin baƙin ya kawar da kai. Ni kunya ta kama ni har na so in gudu. Malam Sahabi ya dube ta ya ce, “Tashi, Inna. Allah shi ba ku haƙuri.” Ya shiga gida ya fito da diga biyu da ƴaƴansa manya biyu.

Da suka isa, Baba ya ɗago ya gan su, ya ga Kaka a bayansu. Na zaci zai kore su. Malam Sahabi ya miƙa masa hannu ya jawo shi daga ramin, ya sauka da kansa. Kafin rana ta faɗi sun gama. Da muka fara addu’a suka ja gefe suka tsaya, da muka gama suka taya mu mai da ƙasa.

Na daɗe ina jin haushin wannan durƙuso. Ina budurwa nakan ce a raina, me ya sa kullum mu ne a ƙasa? Na ɗauka tawali’un da Kaka ke koya mana shi ne a zage ka ka yi shiru, kuma ban so shi ba. Sai da na binne miji, na ga shekarar yunwa da ƴaƴa huɗu a gabana, na gane wani abu ne daban, kuma ya fi wuya: mutum ya yarda ƙarfinsa ya ƙare, ya faɗa wa Allah haka, sannan ya karɓi taimakon ta hannun duk wanda aka aiko, ko da wanda ya rantse ba zai nema ba ne. Bangaskiyar Kaka ba ta hana ta kuturta ba, ba ta tsayar da Iliya ba. Ta dai tashe ta da safe.

Baba bai taɓa maganar ranar nan ba sai a ciwonsa na ƙarshe, ina jinyarsa, Kaka da Malam Sahabi duk sun riga mu gidan gaskiya. Ya ce akwai abin da ban sani ba. Washegarin binnewar ya je zauren don ya yi godiya, hannunsa biyu a naɗe da tsumma. Aka kawo fura, ya kasa ɗaukar ludayi. Ya ce ya ƙoshi.

“Ƙarya nika yi, kwana biyu ban ci komi ba,” in ji shi. “Sai Sahabi ya ɗebo ya kawo bakina, gaban mutane. Na dubi ludayin nan, na ji gara in mutu.”

Na ce, “To, Baba, mi ka yi?”

Ya ce, “Na sha.”